Kafin ka sayi injin walda mai waya, tsallaka ka je Panteka

Wajen ƙarfe biyu na dare muka ji ƙarar. Kowa a gidanmu ya zabura, Baba ya fito da tocila yana salati, mu duka mun ɗauka katanga ce ta zube. Ashe teburin ƙarfen da na haɗa wa Umma don ɗora duron ruwa ne ya durƙusa. Ƙafa ɗaya ta ɓalle daga inda na like ta, duro ya kife, ruwa ya malale tsakar gida. Duro mai cin lita 200, in ya cika, nauyin ruwan kaɗai kilo 200 ne. Kuma daidai inda ya faɗa nan ne ƙanwata take tsugunawa kullum da safe tana wanke-wanke. Awa huɗu kacal suka raba ta da shi.

Umma ba ta yi min faɗa ba. Ta dubi ƙarfen, ta dube ni, ta ce, "Injiniya, sai da safe." Wallahi da zagina ta yi da ya fi min sauƙi.

Abin da ya sa na tona wa kaina asiri a mujallar da duk makaranta ke karantawa shi ne, na lura ba ni kaɗai wannan zazzaɓin ya kama ba. A semestan nan mutum uku sun tare ni, ɗaya a bakin masallaci, biyu a wajen mai shayi, duk tambayarsu ɗaya: "Wai injin nan naka nawa ka saya, kuma a ina?" Ba wanda ya tambaye ni a ina na koya. To amsar da na ba su ita zan faɗaɗa a nan. Sha'awar walda abu ne mai kyau, ina ma a ce rabin ɗaliban makarantar nan suna da ita. Amma wanda ya fara da sayen inji ya fara daga wutsiya.

Ni ba ɗan sashen kanikanci ba ne, kwamfuta nake karanta. A YouTube abin ya same ni. Ka ga Bature a garejinsa, wuri tsaf, ya riƙe wani abu kamar bindigar wasan yara, ya danna kunama, ya ja a hankali, sai ga ɗinki ya fito lumui. Shi ne injin da ake kira MIG, ko injin walda mai tura waya. Bambancinsa da wanda muka saba gani a bakin titi mai sauƙi ne. Na bakin titi sanda ake maƙala masa, wato ilektirod, tana narkewa tana gajarta, mai walda yana bin ta da hannu, ta ƙare ya sa wata. Shi kuwa wannan, siririyar waya ce, galibi mai kaurin milimita 0.8 ko 0.9, a naɗe a cikin cikin injin. Ƙaramin moto ne yake turo ta ta cikin tiyo har bakin bindigar. Kai dai ka danna ka ja. Babu wahalar kunna wuta, babu sandar da za ta manne maka a jikin ƙarfe kana fizga kana jin kunya.

Fasahar ba sabuwa ba ce. A Amurka aka fito da ita a 1948, don aikin alminiyom da farko. A 1953 masana a Tarayyar Sobiyet suka nuna ana iya yin ta a kan baƙin ƙarfe da iskar CO2 mai arha. Kafin 1960 kuma aka samu wayar da ke ɗauke da garin kariya a cikinta, wadda ba ta buƙatar tukunyar gas ko kaɗan. Abin da ya zama sabo shi ne ƙananan injinan ƙasar Sin masu nauyin jakar littattafai, waɗanda yanzu suka cika kasuwa da shagunan intanet. Mu uku muka haɗa kuɗi muka sayi irinsu. Kason da na bayar, da ɗaki na kama da ya riƙe ni wata da watanni.

Ranar farko na like ƙarfe biyu suka tsaya. Rana ta uku na fara jin kaina. Mako na biyu na ce wa Umma ta daina maganar kiran mai walda.

Washegarin faɗuwar duron na ɗauki karyayyar ƙafar na sa a buhu na nufi Tsohuwar Panteka. Shekara kusan biyu ina zuwa harabar Tudun Wada, kasuwar nan tana 'yan mintoci da ƙafa daga bakin get, amma sau ɗaya na taɓa shiga, shi ma rakiya. Na samu wani dattijo da ke haɗa ƙofofi da injinan niƙa, na gaishe shi, na miƙa masa. Ya juya ƙarfen sau biyu, ya sa farce ya kankare fenti, sannan ya nuna min fuskar da ta ɓalle. Sumul take, har da tsatsar da na saye ta da ita. Ko alamar narkewa babu.

Ya ce, "Ɗan makaranta, wa ya yi maka wannan aikin?"

Na ce, "Baba, ni ne."

Ya ce, "To ba walda ka yi ba. Ɗora wa ƙarfe ƙarfe ka yi, ka shafe da giranda, ka rufe da fenti."

Yaran shagon suka kwashe da dariya, ya daka musu tsawa. Sannan ya ɗauko guntaye biyu, ya ce wa ƙaramin cikinsu, yaron da bai wuce shekara goma sha biyar ba, ya haɗa. Yaron ya haɗa da tsohuwar taransifomar da aka naɗa a nan cikin kasuwar. Ɗinkin bai kai nawa kyan gani ba. Baba ya matse shi a bais ya sa guduma, ƙarfen ya lanƙwashe ya koma kamar baka, ɗinkin ko gezau. Ya ɗauko sauran ƙafar tawa da ba ta ɓalle ba, bugu biyu ta yi tsalle.

A nan ne matsalar injin mai waya take, kuma masu bidiyo ba su cika tsayawa a kanta ba. Sauƙinsa shi ne tarkonsa. Da sanda, in wutarka ta yi ƙasa, sandar za ta manne, aikin ya ƙi tafiya, dole ka san akwai abin da ba daidai ba. Shi kuwa injin waya ba ya gardama. Ko zafin bai isa ya narka ƙarfen da ke ƙasa ba, zai ci gaba da turo waya, ta narke ta kwanta a sama kamar tsutsa a kan ganye, kai kana murna. Walda ta gaskiya ita ce ɓangarorin biyu su narke su gauraya da abin da ka ƙara musu su zama jiki ɗaya. Mai koyo da sanda yana shan wahala mako biyu, amma wahalar tana tilasta masa kallon narkakken ƙarfen da ke ƙarƙashin wutar, ya ga yadda yake buɗewa yana cin gefe da gefe. Mai koyo da waya yana iya yin wata uku bai taɓa kallonsa ba. Ni wayar nake kallo.

Da na koma gida na zauna na bi kurakuraina ɗaya bayan ɗaya, kuma a nan karatun makaranta ya yi min rana. Ƙarfen da na yi aiki da shi angul ayan ne mai kaurin milimita 5, ban gurje bakinsa ba, ban cire tsatsa ba. Da yamma nake aiki bayan lakca, lokacin da kowa ya kunna kayansa wuta ta yi ƙasa a unguwa, ga shi na jawo ta da doguwar siririyar wayar da muke cajin waya da ita. Sannan akwai abin da ko Baba bai sani ba, don shi bai taɓa aiki da irin injin ba: waya mai gari a ciki, mafi yawanta, so take a jona bindigar a ɓangaren nagatib, maƙalin da ake kamawa a jikin aiki kuma a fozitib. Waya zalla mai tafiya da gas ita ce akasin haka. Injina a saitin gas ya zo, ni kuma na zura masa waya mai gari na hau aiki. Shi ya sa yake ta fesar tartsatsi, ni kuma ina bi da giranda ina share shaida.

Sai maganar lambar da ke jikin kwali. An rubuta amfiya 250 da manyan haruffa. Ku zo mu yi lissafin aji ɗaya. Fulogin da ya zo da shi na amfiya 13 ne, wutarmu kuma bolt 230 ce in ta cika, wato abin da zai iya ja bai wuce wat 3,000 ba. Walda a amfiya 250 tana son kusan bolt 26 a bakin wuta, wato wat 6,500. Ta ina injin zai fitar da ninki biyun abin da ya sha? Da mun yi wannan lissafin a gaban mai shagon, da ko dai mun fasa, ko mun san abin da muke saya: injin falle da siraran bututu, ba na ɗaukar duro ba.

Bidiyon da muke kallo ba ƙarya suke yi ba, amma ba don Kaduna aka yi su ba. Mutumin nan yana cikin rufaffen gareji, wutarsa ba ta rawa, tukunyar gas ɗinsa ta ƙare ya je ya canjo. Shi gas ɗin, ko CO2 zalla ko gaurayensa da agon, aikinsa ya lulluɓe narkakken ƙarfe kada iska ta taɓa shi. To kai da za ka yi aiki a tsakar gida ko ƙofar gida, a watan Disamba, iskar hunturu tana kaɗawa, wane lulluɓi zai tsaya? Iska ta ɗauke gas, ɗinki ya fito da huji-huji kamar burodi. Da damina kuma, ka bar naɗin waya a cikin inji mako biyu, laima ta sa ya yi tsatsa, ya riƙa sarƙewa a cikin tiyo. Ɗan bakin tagullan da wayar ke fita ta cikinsa yana cinyewa, kuma ba kowane shago ke da shi ba, alhali ilektirod geji 12 da geji 10 ko a lungun unguwarku za ka samu. In an ɗauke wuta fa? Ƙaramin janaretan nan na kunna fanka da talabijin ko kusa ba zai ɗauka ba, wanda zai ɗauka ya fi injin waldar tsada, ban da man da zai sha.

Saboda haka in ka ga mafi yawan masu walda a Panteka, da Kawo, da Unguwar Sanusi suna riƙe da sanda, kada ka ce rashin wayewa ne. Sun yi lissafinsu tun kafin a haife mu. Sanda ba ruwanta da iska, tana haƙuri da ɗan tsatsa, injinta in ya ƙone a nan kasuwar za a sake naɗa shi.

Na san abin da wani zai ce, don abokina da muka haɗa kuɗi ya riga ya faɗa min: "Kai yanzu wurin mutanen da ke walda da gilashin rana da silifas za ka tura mu koyo?" Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, ba zan ɓoye ba. Na ga yaro yana walda ya kawar da kai ya runtse ido, wai ya saba. Na ga wayar wuta tsirara a ƙasa an ɗaure ta da leda. Ni kaina a makona na farko a shagon na biye musu, na riƙa riƙe wa Baba aiki ba tare da garkuwar fuska ba, wai ai ba ni ke waldar ba. Da rana ban ji komai ba. Tsakar dare na farka kamar an zuba min yashi a ido, hawaye na zuba, ko hasken waya ba na iya kallo. Hasken walda yana ƙona fatar ƙwayar ido ne, kuma sai bayan awoyi yake nuna kansa. Da safe kowa da maganinsa, wannan ya ce madara, wancan ya ce ruwan sukari. Yayana ya ce ba wanda zai ɗiga min komai, ya sa ni a babur sai Asibitin Ido na Ƙasa da ke Mando. Kwana biyu na warke, amma ban sake kusantar wuta ba garkuwa ba. Gilashin garkuwar walda lamba gare shi, daga 10 zuwa 13 ake so a irin wannan aikin. Gilashin rana, komai baƙinsa, ba ya cikin lissafi.

Amma wannan hujja ce ta mu je da abin da muka sani, ba hujjar mu ƙi zuwa ba. Mu aka koya wa dalilin da ya sa hayaƙin farin bututun nan mai rufin zinki yake sa zazzaɓi da ciwon jiki da dare. Mu muka san abin da ya sa duron da ya taɓa ɗaukar fetur yake fashewa in an sa masa wuta ko da ya shekara a bushe. Su kuma suna da abin da ba ya cikin handawut: hannu, da ido, da kunne. Baba yana tsaye nesa, bayansa a juye, zai ce wa yaro, "Wutarka ta yi yawa," daga ƙarar kawai. Shi ya koya min in ɗiga walda a kusurwa huɗu in auna kafin in yi ɗinki, don ƙarfe yana janyewa wajen da aka zafafa. Shi ya koya min cewa in abu zai ɗauki nauyi, a tsara shi yadda ƙarfe zai zauna a kan ƙarfe, kada a bar wa ɗinki kaɗai ɗaukar kaya. Teburina na farko, duk nauyin duron a kan ɗinki huɗu ya rataya. Ni kuma ranar da na kawo injina shagon na juya masa wayoyi, ƙararsa ta koma kamar ana suyar ƙosai, muka gwada shi a kan fallen milimita 1 da sanda ke hudawa in hannu bai ƙware ba. Baba ya daɗe yana kallon ɗinkin, ya ce, "Wannan na masu akwati ne da masu gyaran jikin mota." Gaskiyarsa. Wurin da injin ya fi ƙarfi ke nan.

Abin da ke hana mu tsallakawa, in za mu faɗa wa kanmu gaskiya, ba tsoron silifas ba ne. Girman kai ne. Ɗan difloma yana ganin ya wuce a ce masa "yaro, miƙo guduma". Sayen inji yana ba ka damar koyo a ɓoye, ba mai yi maka dariya, ba mai aiken ka sayo ruwa. Na fahimci wannan sarai, don abin da ya sa na saya ke nan. Sai dai dariyar da na guje wa a shago ita ce gyaran da na rasa. Kuma abin mamaki, manyanmu sun riga mu sauke wannan girman kan. Makarantar nan da ta faro a 1956 a matsayin cibiyar koyar da sana'o'in fasaha, a zamanin shugabancin Farfesa Idris Bugaje ta ƙulla hulɗa da masu sana'ar Panteka don a auna ƙwarewarsu a ba su takardar shaida ta ƙasa. Hukumar NBTE mai kula da duk kwalejojin fasaha, wadda hedikwatarta ke nan Kaduna, ta daɗe tana nanata cewa takarda ba hannu ba ta isa. Wato hukuma ta yarda akwai ilimi a can. Mu ɗalibai ne muka rage muna wucewa ta bakin kasuwar muna toshe kunne saboda ƙarar guduma.

Ga 'yan uwa mata da ke da wannan sha'awar, na san shiga shagon maza ba ƙaramin abu ba ne, kuma ba zan yi kamar ban sani ba. A nan ne nake ganin ƙungiyar ɗalibai tana da aikin yi. Kuɗin da ake kashewa a daren casu ɗaya zai sayi garkuwar fuska da safar hannu na fata masu yawa, a nemi izinin hukuma, a gayyato ƙwararru biyu daga kasuwa duk Asabar su zo cikin makaranta, maza da mata kowa ya samu wuri. Masu neman kujera a zaɓe mai zuwa, ga abin sa wa a takardar alkawari, ya fi rabon biro.

Wanda kuma ba zai jira ƙungiya ba, ga yadda zan yi da a ce yau zan fara. Kuɗin farko na garkuwa ne mai lamba, da safar hannu, da takalmi rufaffe, da tsohuwar rigar auduga mai dogon hannu, don yadin roba narkewa yake ya manne a fata. Sai in nemi maigida ta hannun wanda ya san shi, in je da ladabi, in faɗa masa gaskiya cewa Asabar da Lahadi kawai nake da su. In sayi ilektirod ɗina da guntayen ƙarfe na kilo, kada in ƙona masa kaya. Duk abin da na haɗa in sa shi a bais in buga, ko in yanka shi biyu in ga cikinsa. Bayan wata uku, in har sha'awar tana nan, lokacin ne zan san ko ina buƙatar inji, da wane iri. Watakila ƙaramin inbata na sanda ya ishe ni. Watakila aikin da nake so na falle ne da siraran bututu, kujeru da kantoci da akwatuna, sai in sayi mai waya ina sane da iyakarsa, in fara da waya mai gari tunda a waje zan yi aiki, in nemi soket mai kauri kusa da mita.

Injinmu yana nan, ban sayar ba. Abokan haɗin kuɗina ɗaya ya janye, na biya shi kasonsa a hankali, ɗayan yanzu tare muke zuwa shago. Teburin duron kuwa na sake shi a watan jiya, a shagon Baba, da sanda, ƙafafun a ƙarƙashin firam, da ƙarfen tokare a kowace kusurwa. Kafin in kai gida sai da yaran shagon huɗu suka hau suka yi ta tsalle a kai. Da na sauke shi a tsakar gida Umma ta zagaya shi sau ɗaya, ta girgiza shi da hannu, ta ce a ɗora duron. Amma ta mayar da wurin wanke-wanke can bakin rariya, kuma har yau ba ta dawo da shi ba.